Kafin a sakar wa matashi makullin mota, a fara zaga gari da shi

A gidajen da Allah Ya hore wa mota, akwai ranar da ba ta da makawa. Ita ce ranar da yaron da aka saba aike da ƙafa zai tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Abba, a ara min makulli, yanzu zan dawo."

Yawancin iyaye suna amsa wannan buƙata ta ɗaya daga cikin hanyoyi biyu. Wasu su ce sam, su jefa makulli a aljihu, su ɗauka magana ta ƙare. Wasu kuma su miƙa, su bi yaro da "Allah Ya kiyaye hanya", ba su san inda ya nufa ba, ba su san wa zai ɗauka ba.

Duka biyun suna da illa. Wanda aka hana yakan koya a ɓoye, a motar aboki ko a motar gida idan an yi barcin rana, kuma malaminsa tsaransa ne da bai fi shi sanin komai ba. Wanda aka sakar wa kuma yakan zarce inda abokai suka ja shi, domin bai san wani wurin zuwa ba.

Akwai hanya ta uku wadda ta fi waɗannan arha kuma ta fi su aminci: babba ya zauna a kujerar gefe na tsawon wasu watanni, matashi yana tuƙi, su riƙa ziyartar wuraren gari da ba sa cin kuɗi. Da tafiya ɗaya yaro ya ƙara gogewa a kan titi, ya kuma san wuraren da zai je ya huta ba tare da ya zubar da mutuncin gidansu ko ya ƙarar da aljihun mahaifinsa ba. Birnin Kano misali ne mai kyau na yadda za a tsara hakan.

Lasisi tukuna

Kafin maganar yawo, akwai maganar doka. A Najeriya ba a ba wa wanda bai kai shekara 18 ba lasisin tuƙi. Saboda haka yaron da ke aji huɗu na sakandare, komai tsawonsa, komai iya juya sitiyarinsa a cikin layi, ba direba ba ne. Uban da ya ba shi mota ya hau titi ya saka shi cikin laifi, ya kuma saka rayukan 'ya'yan wasu cikin haɗari.

Hanyar samun lasisi a bayyane take. Matashi zai shiga makarantar koyon tuƙi da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, ta amince da ita. Daga nan jami'an VIO su gwada shi, sannan a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. A lokacin koyo dole motar ta ɗauki alamar harafin "L", kuma a samu mai lasisi a gefensa.

Kowa ya san akwai masu yanke wannan hanya, su biya wani ya kawo musu kati har gida. Mahaifin da ya yi wa ɗansa haka ya koya masa darasin tuƙi na farko, wato doka abin saye ce. Yaron da ya fara da wannan fahimta zai wuce jar danja ba tare da ƙirjinsa ya buga ba.

Takardun motar ma a duba su. Inshorar da doka ta wajabta wa motar gida, wadda ke biyan ɓarnar da aka yi wa wani, ta koma naira 15,000 a shekara tun daga Janairun 2023. Ranar da sabon direba ya goga wa wani mota a shataletale, ranar za a san amfaninta.

Abin da makarantar tuƙi ba ta bayarwa

Makarantar tuƙi tana koyar da taka birki, sa giya, yin ribas da karanta alamomin hanya. Abin da ba za ta iya bayarwa a 'yan makonni ba shi ne ido. Gogaggen direba yana hango ɗan adaidaita sahun da zai yanko gabansa tun kafin ya yanko, domin ya ga fasinja ta ɗaga hannu a gefen titi. Yana rage gudu idan ya ga ƙwallo ta gangaro kan kwalta, domin ya san akwai yaro a bayanta. Wannan sani sai da sa'o'i masu yawa a bayan sitiyari.

Alƙaluman duniya sun nuna girman lamarin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya na kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a kowace shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. A Amurka, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta ce direbobi masu shekara 16 zuwa 19 sun kusa ninka waɗanda suka kai 20 sau uku wajen shiga haɗarin da ake rasa rai, idan aka auna da nisan tafiyar da kowa ya yi.

Wannan ne ya sa ƙasashe da dama suka daina ba sabon direba cikakken 'yanci a rana ɗaya. New Zealand ta fara tsarin lasisi mataki-mataki a 1987. A jihar Victoria ta Ostireliya, mai koyo da bai kai shekara 21 ba sai ya cika sa'a 120 yana tuƙi da babba a gefensa, 20 daga ciki da dare, kafin a gwada shi. A jihar Kaliforniya ta Amurka, matashin da bai kai 18 ba yana buƙatar sa'a 50, kuma a shekararsa ta farko da lasisi ba zai yi tuƙi tsakanin 11 na dare da 5 na asuba ba, ba zai kuma ɗauki tsaransa ba, sai da babba a motar.

Babu wanda ya hana magidanci a Kano ya kafa irin wannan tsari a gidansa. Matsalar kawai ita ce, sa'a hamsin ana zagaye fili ɗaya tana gundurar uba da ɗa. Idan kuwa kowace fita tana da inda aka nufa, sa'o'in za su taru ba a ji ba.

Matakin farko: titunan Nassarawa

Kano gari ne da za a iya jera wurarensa daga mai sauƙin zuwa har mai wahala. A fara da unguwar Nassarawa da safiyar Asabar ko Lahadi, lokacin da ma'aikatu ke rufe kuma tituna irin su Ahmadu Bello Way da Audu Bako Way ba su da cunkoso. Suna da faɗi, suna da shataletale da danja, wato duk abin da mai koyo yake buƙatar ya saba da shi ba tare da ana danna masa hon ta ko'ina ba. A dai tuna cewa Asabar ɗin ƙarshen wata akwai tsaftar muhalli da safe, ana taƙaita zirga-zirga.

Wurin zuwa na farko shi ne Gidan Ɗan Hausa. A nan Baturen nan Hanns Vischer, wanda aka yi wa laƙabi da Ɗan Hausa, ya zauna, kuma shi ne ya buɗe makarantar boko ta gwamnati a Nassarawa a 1909. Ginin ƙasa ne mai zanen gargajiya, yanzu yana hannun hukumar tarihi da al'adu ta jihar. Matasa da yawa sun gama sakandare a Kano ba su taɓa taka ƙofarsa ba.

Na biyu shi ne Ɗakin Karatu na Murtala Muhammad da ke kan Ahmadu Bello Way. Ga wanda ke shirin jarrabawar JAMB ko ya shiga jami'a, wuri ne na zama cikin natsuwa. Yana kuma ba shi dalilin fita da babu uban da zai ƙi amincewa da shi. Harabarsa wuri ne mai kyau na koyon fakin tsakanin motoci biyu, abin da ke kunyata sababbin direbobi fiye da komai.

Mataki na biyu: Titin Gidan Zoo

Bayan mako uku ko huɗu, a shiga inda ake gogayya. Titin Gidan Zoo makaranta ce mai zaman kanta. Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano a Janairun 2013, adaidaita sahu ta zama ƙafar talaka, kuma duk wanda zai yi tuƙi a garin dole ya koyi zama da ita. Tana tsayawa ba sigina, tana juyawa inda ta ga dama. A nan babban da ke gefe zai koya wa matashi barin tazara, da duba madubi kafin sauya layi, da haɗiye fushi idan an yi masa ba daidai ba.

Gidan namun daji na Audu Bako yana kan wannan titi. An kafa shi a farkon shekarun 1970, zamanin gwamnan Kano na farko, Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Bako. Kuɗin shigarsa bai kai na farantin abinci a manyan gidajen cin abinci ba, kuma yana da bishiyoyi da inuwar da mutum zai yini a ƙarƙashinsu. Wanda ya zo da ruwansa da ɗan abin taɓawa daga gida ba zai kashe komai ba bayan tikiti. A guji ranakun bikin Sallah, domin cikar da wurin ke yi ta fi ƙarfin mai koyo.

A kan titin dai akwai rukunin kantunan Ado Bayero da aka buɗe a 2014. Shigarsa kyauta ce, shi ya sa matasa ke son sa. Amma wuri ne da aka gina don a kashe kuɗi, kuma yaron da ya shiga da abokai huɗu da wuya ya fito da canji. Ba laifi a je, sai dai kada ya zama shi kaɗai ne wurin da matashi ya sani.

Mataki na uku: cikin ganuwa

Cikin birni shi ne jarrabawa ta gaske. Hanyoyi ƙanana ne, ga masu baro, ga almajirai, ga awaki, ga masu talla a bakin kwalta. Darasin da ke nan shi ne tafiya a hankali, da sanin lokacin da ya kamata a ajiye mota a ƙarasa da ƙafa.

Gidan Makama, da ke kusa da fadar Sarki, shi ne wurin farawa. Gini ne da ake danganta shi da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, yanzu kuma gidan tarihi ne na ƙasa. A ciki akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, da kayan yaƙi, da hotunan da ke ba da labarin Kano kafin zuwan Turawa a 1903 da bayan zuwansu.

Daga nan sai marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa ta samo asali tun 1498, inda har yau ake rina tufa da baba a cikin rijiyoyi. Kallo ba ya buƙatar komai sai sallama da ɗan ihsani ga wanda ya yi bayani. Kasuwar Kurmi ma ta zamanin Rumfa ce, kuma ita ce wurin da za a nuna wa matashi cewa ba ko'ina ake kutsa mota ba. A nemi wuri mai tsaro a ajiye ta, a kulle, a ɗauke duk wani abu mai daraja daga kan kujera, a shiga rumfunan dukawa da masu sayar da kayan doki da ƙafa.

Dutsen Dala na nan yana jiran mai ƙarfin gwiwa. Wanda ya hau samansa zai ga birnin a shimfiɗe, ya hango Gwauron Dutse da hasumiyar babban masallaci, ya gane yadda titunan da ya biyo suka haɗu da juna. Wannan ma ilimin tuƙi ne, domin direban da ya san fasalin garinsa ba ya ruɗewa idan an tare hanya. A je da rana, a je a ƙungiya, a kuma adana waya, saboda matsalar ƙwacen waya ba ɓoyayyiya ba ce a wasu sassan gari.

A Gwammaja kuma akwai Gidan Mambayya, inda Malam Aminu Kano ya zauna har rasuwarsa a 1983. Yanzu cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ce ta Jami'ar Bayero, kuma an adana ɗakunansa da kayansa. Matashin da ya ga irin gidan da jagoran talakawa ya rayu a ciki zai dawo da tambayoyin da za su cika motar da hira har gida.

Duk waɗannan wurare suna da abu ɗaya da ya haɗa su: kuɗin shiga kaɗan ne ko babu. Abin ci ma haka. Gurasa da tsire, ko fura da nono, ko shayi da burodi a teburin mai shayi sun wadatar. Yana da kyau a tuntuɓi wuri kafin a tashi, domin lokutan buɗewa na sauyawa, musamman ranar Juma'a da lokacin azumi.

Mataki na huɗu: taro, dare da babbar hanya

Abubuwa uku ya kamata a bari sai ƙarshe. Na farko taron jama'a. Kallon wasan Kano Pillars a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata nishaɗi ne mai arha, kuma ƙungiyar da ta ci gasar Najeriya a 2008, 2012, 2013 da 2014 tana da magoya baya masu zafi. Dabarar ita ce a ajiye mota nesa da filin, a kuma fito kafin tashi ko a jira jama'a su ragu.

Na biyu tuƙin dare da na ruwan sama. Fitilar motar da ke tahowa tana kashe ido, masu tafiya a ƙasa ba sa ganuwa, kuma a watan Agusta ruwa kan rufe ramuka da bakin kwalbati. Bai kamata ranar farko da matashi zai gamu da waɗannan ta zama ranar da yake shi kaɗai ba.

Na uku babbar hanya. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gina tsakanin 1971 da 1974, tana da nisan kimanin kilomita 70 kudu da Kano, kuma wuri ne da matasa ke sha'awar zuwa. To amma hanyar ta manyan motoci ce, kuma kuskuren wuce tirela ba ya ba da damar gyara. Wannan tafiya ita ce ta ƙarshe a jerin, kuma da babba za a yi ta.

Lissafin mai

Wani zai ce duk wannan zance ne na lokacin da mai ke da arha. Gaskiya ne cewa tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023 lissafi ya sauya. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024.

Sai dai wuraren da aka lissafa a cikin gari duk suna kusa da juna. Ƙaramar mota mai lafiya tana cin kimanin lita ɗaya a kilomita goma a cikin gari, don haka yawancin waɗannan fita ba za su wuce lita biyu ba, zuwa da dawowa. A kwatanta wannan da kuɗin fitilar gaba ɗaya, ko gyaran ƙofa da fenti, balle kuɗin asibiti.

Ana kuma iya haɗa fitar da hidimar gida. Ranar da za a kai Hajiya dubiya, ko a ɗauko ƙanne daga Islamiyya, ko a sayo cefane, matashi ya tuƙa, a dawowa a biya ta ɗaya daga cikin wuraren.

Tsadar man ma darasi ce. A ba shi kuɗin mako a hannu, a ce mai da tikiti da abin ci duk a ciki. Yaron da ya tsaya a gidan mai ya ga yadda lambobi ke gudu zai daina taka totur ba dalili, zai kuma fara tambayar abokansa ko za su kawo nasu kason.

Wa zai zauna a gefe?

Ba kowane uba ne ya dace da wannan aiki ba. Akwai wanda tun kafin a fita layi ya fara tsawa, yaro ya rikice ya taka totur a madadin birki. Idan mahaifi ya san zuciyarsa na kusa, ya wakilta kawu, ko yaya, ko uwa idan tana tuƙi, ko direban gida mai hankali. Sharaɗin shi ne mutum mai lasisi, mai haƙuri, wanda yaron ke jin nauyinsa.

Mai zama a gefe ya riƙa ba da umarni da wuri, kamar ya ce a shataletale na gaba za a yi dama, maimakon ya yi ihu bayan an iso. Gyaran da ba na gaggawa ba a bari sai an tsaya. Kuma ya san cewa yaro ya daɗe yana kallon tuƙinsa. Uban da ke amsa waya yana tuƙi, ko yake bin hannun da ba nasa ba don ya guje wa zagaye, ba shi da bakin yin wa'azi.

A cikin darasin a saka abin da za a yi idan jami'an KAROTA ko na kiyaye haɗurra suka tsayar da mota: a tsaya a gefe, a gaisa, a nuna takardu, kada a gudu. A saka canza taya, duba ruwa da baƙin mai, da ajiye lambar bakanike da lambar gaggawa ta FRSC, wato 122.

Akwai wata riba da ba a faɗa. Matashi ɗan shekara 18 da wuya ya zauna gaban mahaifinsa ya buɗe cikinsa. A mota kuwa, kowa na kallon gaba, magana takan fito da kanta. Iyaye da yawa za su ji sunayen abokan ɗansu a karon farko a kan hanyar Dala.

Ranar da zai fita shi kaɗai

Bayan wata uku ko huɗu, lokacin sakin hannu zai zo. A yi shi da sharuɗɗa bayyanannu, waɗanda aka yi magana a kansu tun kafin ranar.

A watannin farko, kada ya ɗauki aboki fiye da ɗaya. Mota cike da samari wuri ne na zuga, kuma daga zuga ake samun wasa da mota irin wanda ake gani a wasu bukukuwan aure da na kammala makaranta, inda ake juya mota a tsakiyar titi jama'a na ihu.

Ya dawo kafin Magariba, daga baya a ƙara zuwa bayan Isha'i idan ya nuna natsuwa. Ya faɗi inda za shi, idan shiri ya sauya ya tsaya ya kira.

Waya ta zauna a aljihu. Motar da ke tafiyar kilomita 50 a sa'a, wato iyakar gudun da doka ta yarda a cikin gari, tana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa. Duba saƙon WhatsApp na daƙiƙa uku na nufin tafiyar fiye da mita 40 ido a rufe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai amfani da waya yana tuƙi ya ninka waninsa kusan sau huɗu wajen yiwuwar yin haɗari, kuma ɗaura bel na rage yiwuwar mutuwa da kusan rabi.

Makulli ba ya zuwa hannun aboki, ko da na minti biyar ne. Idan aka karya sharaɗi, a karɓe mota na wani lokaci da aka sani. Idan kuma tsautsayi ya faru, ya san cewa kiran gida shi ne abu na farko. Yaron da ke tsoron mahaifinsa fiye da haɗari shi ne ke buge mutum ya gudu.

Masu cewa ana koya wa yaro yawo

Akwai iyayen da za su ce wannan buɗe wa yaro ido ne, gara ya zauna a gida. Damuwarsu tana da tushe, domin shaye-shaye da miyagun abokai ba tatsuniya ba ne a Kano.

Amma matashin da ya kai shekara 18 zai fita, da mota ko babu. Abin da iyaye ke da iko a kai shi ne jerin wuraren da ke kansa idan abokai suka ce ina za a je. Wanda bai san ko'ina ba zai bi mai shawara ta farko. Wanda ya san wurare goma masu mutunci yana da abin da zai kawo, kuma da yake makulli a hannunsa yake, maganarsa tana da nauyi.

Wannan ya shafi 'ya'ya mata ma. Budurwar da ta iya tuƙi ita ce za ta kai mahaifiyarta asibiti ranar da babu namiji a gida. Gidan da ya yarda ta koya, ya ba ta sa'o'in gogewa daidai da na ɗan'uwanta, tare da rakiyar da ta dace da tarbiyyar gidan. Koya mata rabi-rabi sannan a yi mata dariya idan ta kasa fakin zalunci ne.

Wani kuma zai ce ai gidaje nawa ne ke da mota. Haka ne, mafi yawa ba su da ita. Sai dai matashin da aka saya wa babur, ko aka ba shi adaidaita sahu ya nemi abinci, yana fuskantar titi ɗaya da haɗari mafi girma, domin babu ƙarfen da ya kare jikinsa. Shi ma yana buƙatar lasisi, da hular kwano idan babur ne, da babban da zai bi shi a baya na wani lokaci. Wuraren da aka ambata kuwa duk adaidaita na zuwa.

Rabon gwamnati

Iyaye za su yi nasu, amma gari ma yana da hakki a kan matasansa. Kano na da miliyoyin matasa, wuraren hutawa na jama'a kuwa 'yan kaɗan ne, kuma mazauna birnin sun ga yadda filaye da gefen ganuwa suka riƙa komawa shaguna. Idan aka toshe duk inda yaro zai zauna kyauta, abin da ya rage masa shi ne bakin titi da wuraren da sai mai kuɗi.

Abubuwan da ake buƙata ba masu tsada ba ne. A rubuta kuɗin shiga da lokutan buɗewa a ƙofar kowane gidan tarihi da kuma intanet. A yi wa ɗalibai rangwame. A sa tsaro da fitilu da shara a Dutsen Dala. A ware fili ɗaya ko biyu inda mai koyon tuƙi zai yi atisaye ba tare da ya shiga filin ƙwallon yara ba. A kuma tsaurara gwajin lasisi, yadda kati zai zama shaidar iyawa.

Kafin a samu wannan, abin da ke hannun kowane gida shi ne safiyar Asabar, da lita biyu na mai, da babba ɗaya mai haƙuri. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma halin da direba ya ɗauka a shekararsa ta farko shi yake tafiya da shi har tsufa. Uban da ya ba da waɗannan watanni zai miƙa makulli yana sane da yadda ɗansa ke tuƙi da kuma inda ya nufa.